Gaurakan da Yaya Ya Kawo wa Inna

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a gidanmu ya san haka, amma fushina ba ya kwana. Wannan kaɗai ne ya kwana, ya wuni, ya shekara, har yanzu da nake rubutun nan bai huce ba. Kuma a kan tsuntsu ne. Na san akwai mai cewa, kai malam, tsuntsu? E, tsuntsu. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama, don na sha ta a garinmu Illela har na ƙoshi.

Aiki ne ya kai ni Jos, ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma can na kamu da ciwon kallon tsuntsaye. Wani abokin aikina ne ya ja ni bayan gari wata Asabar, ya miƙa mini madubin hangen nesa, irin mai ido biyun nan, ya ce in duba kan wani dutse. Na duba, sai ga ɗan tsuntsu yana gyaran gashinsa kamar a tafin hannuna yake. Shi ke nan, ban sake warkewa ba. Na sayi nawa madubin, ya zama duk inda na sa ƙafa yana rataye a wuyana.

A Illela wannan hauka ce tuburan. Gidanmu gidan 'yan kasuwa ne, tun zamanin kakanmu ake fatauci tsakanin nan da Ƙonni, wake da dabbobi su shigo, hatsi da kayan masarufi su fita. A irin gidanmu, abin da ba a sayarwa, ba a ci, ba a kuma samun lada da shi, ɓata lokaci ne kawai. Wana, wanda ya zama babban gida tun rasuwar mahaifinmu, ranar da ya fara ganina na kafa madubi ina kallon hasbiya a kan katanga, tsayawa ya yi ya riƙe ƙugu ya ce, “Auta, in hasbiya kaka so, ka yi magana a soyo maka.” Mutanen zaure suka kwashe da dariya. Na bar su, don ban ga amfanin yi wa mai sayar da wake bayanin tsuntsu ba.

Sai na faɗi yadda Yaya yake da Inna, mahaifiyarmu, in ba haka ba ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Shi ne ɗan fari, Inna kuwa tsohuwa ce ta da, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Tunda na buɗe ido a duniya ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya shigo gaishe ta da safe zai durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa wa bango. In tana da saƙo sai ta ce da ni, “Hwaɗa ma yayanka kaza da kaza,” alhali yana durƙushe a gabanta yana ji. Ni kuwa auta, har na yi gemu ina zama a bakin gadonta muna hira, tana zagina ina dariya. Shi Yaya abin da ya iya shi ne kawo kaya. Atamfa, turare, firji, kujerar Makka, duk abin da aka ce tsohuwa na so, kafin a rufe baki ya iso tsakar gida. Ita kuma ta ce, “Hwaɗa mashi an gode,” ta kau da kai. A da abin dariya yake ba ni.

A shekarar da nake magana idon Inna ya riga ya yi nisa. Hawan jinin ido ne, kuma ni ma'aikacin asibiti ne, likita bai ɓoye mini ba: abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana kan hanya. Gefe da gefe duk duhu ne, sai ɗan abin da ke gabanta sak take gani, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Shi ya sa na ɗauki hutuna gaba ɗaya a ƙarshen damina na taho gida, don in zauna kusa da ita tana iya ganin fuskata.

Da safe, kafin ta gama lazimi, nakan hau babur in tafi Kalmalo, garinsu Inna, in ajiye babur a gidan kawuna, ƙanenta, in bi bakin tafki da ƙafa. Ruwa ya cika, kirinjijiya garke-garke, zalɓe tsaye a cikin bado, belbela ta bi shanu. Duk waɗannan na san su. Wata safiya dai na wuce inda na saba tsayawa, na nufi tsaunukan marmara da ke can bayan gonaki, inda ruwan damina ya tsaga dutse ya yi kwazazzabo mai zurfi. Bakinsa ƙunci ne, geza da sabara sun rufe shi, sai ka kutsa. Amma da ka shiga sai ya buɗe, bango ja dama da hagu ya fi soro tsawo, hasbiyoyi na fita daga ramukansa, a ƙasa kuma ruwa ya kwanta ya yi 'yar fadama, da ciyawa har gwiwa da wata tsohuwar bishiyar giyayya a tsakiya. Ba gona, ba sawun shanu. Na zauna bayan wani dutse ina share gumi.

Kukan na fara ji, mai kauri, daga cikin ƙirji, bangon dutse ya maido da shi. Na ɗaga madubi.

Gauraki ne, guda biyu. Dogayen ƙafafu, jiki baƙi da farin fiffike, kunci fari da ja, ga tukkun nan na kai kamar an soka tsintsiyar zinariya. Na sha ganin gauraka a gidajen masu kuɗi, yana yawo tsakanin motoci kamar marar lafiya, amma a daji, da fiffikensa, ban taɓa gani ba, kuma abokaina na Jos sun ce a ƙasar nan ya kusa ƙarewa. Ina kallo ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan ya amsa masa. Suka buɗe fikafikai, suka yi tsalle sama, suka sauko, suka zagaya juna, ɗaya ya tsinci ɗan kara ya jefa sama. Rawa suke yi, su biyu, ba don kowa ba. Ban san lokacin da na fara cewa subhanallahi a fili ba.

Da na koma gida ban ko cire takalmi sosai ba na faɗa ɗakin Inna. Tana kishingiɗe. Da na ce gauraka sai ta tashi zaune, abin da sai an kama ta take yi.

Ta ce, “Ƙarya kaka yi, ɗan nema. Ina gauraka yanzu?”

Na rantse mata. Na kwatanta mata rawar. Sai ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk hirar da muka sha. Ta ce suna 'yan mata a Kalmalo, idan aka aike su ɗiban ruwa da hantsi, gauraki ne cike da bakin tafki, ba biyu ba, ba goma ba, fili guda. Sai su ajiye tuluna su tsaya kallo, in gaurakin sun yi tsalle su ma su buɗe zannuwa su yi tsalle, har a aiko a kore su gida da bulala. Tunda aka kawo ta Illela ba ta sake gani ba. Tafkin yana nan kusa, amma matar babban gida ba ta zuwa bakin tafki, in ta je Kalmalo gaisuwar mutuwa ce, daga mota sai ɗaki. Ta ce ko yanzu in ta runtse ido su take gani, fili guda, suna tashi suna sauka.

Sai ta kama hannuna ta ce, “Auta, ka kai ni in gani tun ina gani.”

Inna ba ta taɓa roƙona komai ba, ko goro. Na ce mata an gama.

Muka fara koyon madubi a tsakar gida. Da farko ta ce duhu kawai take gani, ta zage ni ta ce na kawo mata kayan Nasara ina wasa da hankalinta. Na gyara mata, na riƙe mata gwiwar hannu, na juya ta wajen kurciyar da ke kan wayar lantarki. Can sai ta yi ƙara, “La ila! Ga ta nan bisa hancina!” Ta kai hannu za ta kama. Muka yi ta dariya har ta yi tari. Ɗan ramin ganin da ya rage mata ya isa, in dai an saita shi daidai. Na je na shirya da Kawu: mota ta kai mu Kalmalo, daga nan amalankensa na shanu, a shimfiɗa katifa, a kai ta har bakin kwazazzabo, sauran 'yar tafiyar in goya ta. Kawu ya yi murna, ya ce shi ma zai wanke shanunsa.

Saura Yaya. Motar tasa ce, kuma ba a fitar da Inna daga gida bai sani ba. Na same shi a zaure bayan la'asar, ya sallami mutane, na faɗa masa.

Ya ce, “Amalanke?”

Na ce amalanke.

“Uwarmu, Hajiya guda, a ɗora ta bisa amalanke awa buhun albasa, a ratsa Kalmalo da ita ana kallo? Don mi? Don tsuntsu? Kai Jos ta cinye maka hankali. Gobe a kasuwa mi za a ce? A ce ina raye, ina da abin hannuna, anka kai tsohuwata daji. Ga hali da aka ciki, kowa na tsoron daji, kai kana neman kai muna uwa cikin rami.”

Na ce wurin ba nisa, ana hango rufin kwanon Kalmalo daga kan tsaunin, kuma da rana tsaka za mu je mu dawo. Na ce ita ta roƙa da bakinta. Nan na ga fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni sau biyu, “Ita ta ce? Ita da kanta?” Ya tashi muka shiga ciki, ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya ce ya ji ana maganar gauraka. Inna ta juya wa bango fuska ta yi gum. Ba za ta iya ce masa tana so ba, ba za ta iya ce masa komai ba, haka aka yi ta. Na tsaya a tsakaninsu ina jin kamar in fasa ihu.

Da muka fito sai ya sassauto. Ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton gaurakin da na ɗauka ranar da na gan su, ya tambaye ni ta ina ake shiga kwazazzabon, da wane lokaci suke sauka. Ni kuma baki har kunne na zayyana masa, ina cewa a raina ashe mutumin nan yana da zuciya. Ya maido mini da wayar ya ce, “Ka bar mani. Inna za ta ga gauraka, in Allah ya so.” Na je na yi wa Inna albishir. Ta sa aka fito mata da wani tsohon zane saƙi daga ƙasan adaka, ta ce shi za ta ɗaura.

Kwana ya ɗan ja, kullum Yaya ya ce mota na wurin gyara. Ni kuma na daina zuwa kwazazzabon, don kada yawan zuwana ya tsorata su kafin ranar. Wata safiya na fita sayo wa Inna maganin ɗigawa, ina dawowa na ji hayaniya a gidanmu kamar ana suna. Mata sun cika tsakar gida, har da na maƙwabta, ana ta “Masha Allah.” Na kutsa.

Gauraka ne tsaye a tsakiya, an ɗaure masa ƙafa da igiya a jikin turmi. Tukkunsa ya karkace, bakinsa a buɗe yana haki. An ajiye masa kwanon gero da na ruwa bai ko kalla ba. Yaya na gefe cikin babbar riga sabuwa dal, yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce maharba ya sa, suka kafa tarkon igiya a fadamar, guda ya faɗa, gudan ya tsere, amma ya ce su koma.

Na durƙusa na ɗaga fiffiken dama, ina addu'a a raina Allah ya sa gashin kawai suka aske, don gashi yana tsirowa. Ba gashi ba ne. Daga gaɓa suka yanke, suka shafa toka a kan ciwon, jini ya bushe ya yi baƙi. Wannan tsuntsun ya gama tashi har abada.

Abin da na faɗa wa Yaya a ranar, a gaban matansa da maƙwabta, ban taɓa faɗa wa wani mahaluki ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Na ce masa azzalumi. Na ce kai komai na duniya kaya ne a wurinka, a ɗaure a ɗora a mota a sauke a tsakar gida. Na ce wa ya aike ka? Wa ya ce maka nama take so, ko ado? Rawa ta ce za ta gani, rawa, to ga shi nan, sa shi ya yi maka rawar a jikin turmi! Wata daga cikin matan ta ce in ji tsoron Allah, yayana ne. Na ce ta rufe mini baki, shi ya ji tsoron Allah da ya sa wuƙa?

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Yaya bai ma gane laifinsa ba. Mamaki ne a fuskarsa, na gaskiya. Ya ce, “Auta, mi nai? Uwa ba a ɗaukarta a kai ta wurin abu, abin aka kawo mata har inda take. Haka munka taso munka iske. Ga shi ƙofar ɗakinta, ta gan shi safe da marece, ba rana, ba ƙaya. Fiffiken kuwa in ba a yanke ba ai tashi zai yi.” Ai tashi zai yi! Ku ji fa. Wallahi da ba wana ba ne da na kai masa hannu.

Ana cikin haka aka fito da Inna, aka zaunar da ita a kujera. Ta ɗaura zanen saƙin nan, don an ce mata yau ce ranar, ba a ce mata ga yadda ranar take ba. Ta juya kai a hankali tana neman abin da ramin idonta, har ta same shi. Ta ce a matso da shi. Na kwance igiyar na rungumo shi, zuciyarsa na bugawa a hannuna. Ta shafa tukkun, ta shafa wuyan, hannunta ya gangara bisa bayansa har ya kai kan dungun. Nan ya tsaya. Ta murza tokar a yatsunta, ta kai hanci.

Yaya ya durƙusa yana jiran a ce a faɗa masa an gode.

Inna ta ce, “Auta, hwaɗa ma yayanka shi hito da mota.”

Motar da ke wurin gyara sai ga ta a ƙofar gida, lafiyarta lau. Shi ya tuƙa da kansa. Inna a baya, ni kusa da ita da gauraka a cinyata, na naɗe shi da zane na rufe masa kai. Muka isa Kalmalo. Kawu ya ga abin da ke hannuna, ya dubi Yaya, ya tofar da yawu gefe, ya tafi ya ɗaura wa shanu amalanke. Muka ratsa gari da Hajiya guda a kan katifa, mutane na fitowa suna gaishe ta, tana amsawa da sunan gidan kowa. Ba wanda ya yi dariya. Yaya na biye da mu a ƙasa, babbar rigarsa na kwasar ƙarangiya, ya buɗe lema yana ƙoƙarin yi mata inuwa.

A bakin kwazazzabo na ba Kawu tsuntsun, na goya Inna. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Na zaunar da ita bayan dutsen da nake ɓuya. Fadamar duk sawun mutane, an tattake ciyawa, ga guntayen igiya a warwatse. Kawu ya kai tsuntsun bakin ruwa ya kwance zanen ya dawo. Gaurakan ya tsaya a inda aka ajiye shi, ya karkata gefe guda. Muka jira har inuwar bangon yamma ta rufe rabin fadamar, ina ta cewa a raina ɗayan ya tafi, wane mahaukaci ne zai zauna inda aka kama ɗan'uwansa.

Sai namu ya miƙa wuya ya yi kuka. Daga can saman tsauni aka amsa.

Inna ta damƙe hannuna. Na ɗora mata madubi a ido, na tallafe mata gwiwar hannu kamar yadda muka koya. Ɗayan ya zagayo bisa kanmu, fikafikai a buɗe, ya sauka nesa kaɗan, ya tako a hankali yana dube-dube. Ya zo gaban namu ya sunkuyar da kai. Namu ya sunkuyar. Ɗayan ya buɗe fikafikai ya yi tsalle sama, ya sauko a hankali. Namu ya buɗe guda ɗaya da dungu, ya yi tsalle, ya juya a iska, ya faɗi da gefe cikin taɓo.

Ya tashi. Ɗayan ya sake sunkuyawa, ya sake tsalle. Namu ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Farin fiffiken ya koma ja da laka. Na so in janye madubin, Inna ta riƙe shi gam, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta kalla har sai da ya daina tashi da wuri, ya zauna a taɓon yana haki, ɗayan na zagaya shi.

Sannan ta sauke madubin, ta juya, ta nemi Yaya da idonta har ta same shi tsaye a bayanmu da lema. Ta dube shi ido da ido. Ta kira sunansa.

Sunansa na yanka, gaba ɗaya, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Kawu ya ce, “Subhanallahi.” Lema ta faɗi daga hannun Yaya. Mutum mai jikoki, mai motoci a kan hanyar Ƙonni, na ga ya zube a kan marmara. Tun yana yaro yake jiran wannan kiran, kuma a nan ya same shi.

Ta miƙa masa madubin ta ce, “Karɓi. Duba abin da ka kawo mani.”

Ya karɓa, bai ma san ta inda ake dubawa ba, sai da Kawu ya juya masa. Ya daɗe yana kallo, kafaɗunsa na rawa. Ban tausaya masa ba. Na faɗa ne don gaskiya, ko ɗigo ban ji ba, kuma da ya sauke madubin ya dube ni kau da kai na yi.

Ba mu iya barin tsuntsun a can ba, tunda ba ya iya hawa giyayya ya kwana, kafin gari ya waye dila ko karnuka sun gama da shi. Kawu ya sake naɗe shi a zane. Muna fita ɗayan na bin mu ta sama yana kuka, har bakin gonaki, sannan ya juya. Yanzu gurgun yana gidan Kawu, yana tsintar dawa tare da kaji. Ɗayan ya yi 'yan kwanaki ana jin kukansa wajen tsauni, daga nan shiru. Duk hutun da na zo sai na shiga kwazazzabon, hasbiyoyi na nan, ruwa na nan, babu gauraka.

Yaya ya daina yi mini dariyar madubi. Muna gaisawa, muna cin tuwo kwano ɗaya ranar salla, mutane na cewa komai ya wuce. Bai wuce ba. Inna ba ta sake kiran sunansa ba, ta koma amsa wa bango, shi kuma ya koma kawo kaya, sai dai yanzu yakan tsaya a zaure ya tambaye ni tukuna ko tana so.

Idon Inna ya rufe gaba ɗaya kafin damina ta zagayo. Da na zo hutu na gaba na zauna a bakin gadonta, ta shafa fuskata ta ce na rame. Ina neman abin da zai faranta mata rai, sai na ce ta ba ni labarin nan na bakin tafki, na 'yan mata da tuluna, da gauraki fili guda. Na ce ai su ba su buƙatar ido, ta ce in ta runtse tana ganinsu.

Ta runtse ido. Sannan ta ce, “Na neme su, Auta, ba su zuwa. Kullum ina nema. Guda ɗai nika gani yanzu, yana tashi yana hwaɗuwa cikin taɓo.”

Na tashi na fita tsakar gida. Turmin nan yana nan inda yake, wata daga cikin matan Yaya na daka a ciki. Na tsaya ina kallonsa har ta tsargu ta ajiye taɓarya, ta tambaye ni ko lafiya.